Sunan da Ban Faɗa Ba

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Kuna cewa Inna ce ta kashe wa Yaya wasansa, wai da ba don taurin kaina ba da yanzu ya yi nisa, da ba ya zaune a rumfa a kasuwar Tambuwal yana canza wa mutane gilashin waya. Hafsatu ce kaɗai ta taɓa faɗa mini a ido, sauranku sai na ba da baya. To, tunda rubutun nan ya kawo ni wannan shekarar, ba zan tsallake ta ba. Ku karanta, in kun gama ku ci gaba da faɗin abin da kuka ga dama, amma ku faɗa da sani. Kuma kada wani ya zaci zai tarar da ban haƙuri a nan, babu shi.

Sai kun fara sanin matar da aka yi wa abin. A gidanmu na Kebbe, gidan noma da shanu, ni ce mace ta farko da aka kai boko, kuma tun ranar da na rataya jaka gwaggwannina suka fara yi wa uwata jaje. Cewa suke boko yana kwance wa mace kunya. Da aka kawo ni Tambuwal gidan babanku, Allah ya jiƙansa, sai na tarar da wata mai gadin, yayarsa, Gwaggonku Asabe. Ita kam rantsuwa ta yi ba zan shekara da haihuwa ba sai an ji ni ina kiran ɗan fari da sunansa kamar matan birni. A wurinmu, kun sani, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa hidima a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ba ƙi ba ne, so ne da ake rufewa don girman manya. Wasu matan suna riƙewa da sassauci, ba mai ce musu uffan. Ni ban samu wannan sauƙin ba, don ni ake jira in zame, saboda haka na riƙe fiye da kowa. Shekarar da aka sa shi a ajina a firamaren da nake koyarwa, in ina kiran suna a rajista na zo kansa sai in ce "mai bin Aminu", ya amsa, 'yan aji su ƙyalƙyale, in ɗaga bulala su yi tsit. Ranar da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi, malamin asibiti ya tambaye ni sunan yaro, na tsaya kamar kurma har babanku ya iso. Ko a wannan takarda ba za ku ga na rubuta shi ba. Zan ce Yayanku, kun san wanda nake nufi.

Da ya gama karatu a Sakkwato ya dawo, aiki bai samu ba, ya kama gyaran waya. A nan ya faɗa cikin wasu yara masu haɗa wasannin waya da kansu, abin da suke ce wa gem. Ba kamfani gare su ba, ba ofis, ba oga. Guruf ne kawai a waya. Wata yarinya a Zariya tana zane, wani Kamal a Kano yana haɗa sauti da kiɗa, wasu suna gwaji suna kawo ƙorafi, shi kuma Yayanku shi ke rubuta abin da ke motsa komai, kuma labarin nasa ne. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma in ka ji yana "mutanena, mutanena" sai ka ce tare aka yaye su. Zan faɗi gaskiyarsu, suna taimakon juna. In abu ya cije masa ya jefa tambaya, wani da bai san shi ba daga wata uwa duniya zai zauna ya warware masa don Allah. Na ga yaron da ya dawo gida kansa a sunkuye ya fara cin tuwo da marmari. Duk da haka ni shirme na ɗauki abin, ƙato da gemu yana wasa, har ranar da Hafsatu ta ajiye mini waya a cinya ta ce in duba.

Yaro ne da sanda a kafaɗa. Ya kora shanu da safe daga gida, ya bi burtali tsakanin gonaki, ya kai su mashaya, ya dawo da su kafin rana ta faɗi. In saniya ta kauce ta sa baki a geron mutane, mai gona ya fito yana kumfar baki, an ci ka ke nan. Babu bindiga, babu jini, iyakarsa ke nan. Amma na ga tsamiyar bayan gidanmu na Kebbe. Na ga jan bijimin babana mai karyayyen ƙaho. Na ga kwarin da ke cika da damina, inda yake bin shanu in ya je hutu wurin kakansa. Ashe duk yana riƙe da su. Na miƙa wa Hafsatu wayarta na ce ba laifi, na shige ɗaki don kada ta ga fuskata.

Ba a daɗe ba ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ina tsince shinkafa, idona a kan faifai.

"Inna, murya nika nema. Uwar yaron ga za ta riƙa magana cikin wasan, kuma duk wadda munka gwada Hausar rediyo taka yi. Ni ta gida nika so."

"Da tsufana za ka maishe ni 'yar wasa?"

"Ba a ganin ki, Inna. Murya ɗai ta."

"Shi yaron, mi as sunanai?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce 'yan guruf ne suka dage a sa wa yaron sunansa, tunda ƙuruciyarsa ce ake bugawa.

"To ka san abin da ba ni faɗi."

"Na sani, Inna. Ba mai sa ki."

A kan wannan maganar na yarda. Aka shiga ɗaukar murya, wahalar da ban taɓa sanin ana sha don wasa ba. Ya jingina katifu a bangon ɗakina, ya rufa mini bargo a ka da zafin bazarar nan, wai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Hafsatu tana tsakar gida tana korar kaji. Mu fara, injin niƙan maƙwabta ya tashi, mu jira. Ya mutu, jaki ya ɗauka. In faɗi magana ɗaya har bakina ya bushe, ya ce a sake, wai na yi muryar aji, shi ta uwa yake so. "Ja ta shiga gero!" "Kora su, rana ta yi!" "Bi sannu, kwari ya cika!" Haka dai, maganganu barkatai, har da na maraƙi da na kare. Ta ƙarshe ita ce kiran da uwar take yi in yaro ya dawo da shanu lafiya, na yi shi yadda na saba yi tun yana ƙarami: "Kai, wanga yaro, taho gida!" Ya cire abin kunnensa ya ce ta yi, ya tura wa Kamal. Na ɗauka an gama da ni.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Suka saki wasan na gwaji, yara suka riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya, tun daga Tambuwal har Jabo da Sanyinna. Ina jin ana cewa wasan ɗan Malama, ina yi kamar ban ji ba. Sannan labari ya zo an zaɓi nasu cikin waɗanda za a nuna a wani bajekoli na masu wannan sana'a a Abuja, inda manya suke zuwa su duba wanda za su ɗauka su tallafa. Gidan nan ya kaure da murna. Ni ma na yi tawa a kan sallaya.

Ana cikin haka aka yi suna a Kebbe, gidan ƙanena, muka tafi da Gwaggo Asabe. Tsakar gida cike da mata, ana dama fura, tsofaffin gidanmu da suka rage suna kan tabarma. Wata amaryar gidan tana gefe tana buga wasan, ta ƙure ƙarar waya. Ina jin muryata tana cewa ja ta shiga gero, mata suna dariya suna cewa Malama ta shiga waya, ni ma ina murmushi. Sai amaryar ta kai shanunta gida. Sai na ji ni, ni da kaina, da muryar da Allah ya ba ni, na buɗe baki na kira sunan ɗana na fari, na ja shi har ƙarshe kamar mai kiran ɗan maƙwabta, sannan na ce taho gida. Wallahi tsakar gidan nan ta yi shiru har ana jin tafasar tukunya. Ji na yi kamar an yaye mini zane a kasuwa. Gwaggo Asabe ta ajiye ludayinta a hankali.

"Ke 'yar nan, sake muna mu ji."

Amaryar ta sake kora shanun daga farko, muna zaune muna jira. Suka bi burtali, suka sha ruwa, suka iso gida, na sake kira.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Malama, ashe ajiya kinka yi muna. Shekara da shekaru muna kasa kunne a tsakar gida, ashe a waya za ki faɗe shi, duniya duk ta ji."

"Ban faɗi ba."

"To wa yaf faɗi? Aljana?"

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa, ƙanwar babana, ita ba ta yi dariya ba, ta dube ni kawai ta kau da kai, kuma wannan ya fi mini dariyar ciwo. Me zan ce musu? Muryata ce, ni ma da na ji na san tawa ce. Ban tsaya cin tuwon suna ba. Na ja mayafi na fita na tari kabu-kabu. Kun san ramukan hanyar nan, to rannan ban ji ko ɗaya ba. Na iso gida da la'asar, na aiki Hafsatu kasuwa ta kira mini shi. Ya shigo ya tsuguna, da ganin yadda ya shigo na san Hafsatu ta ba shi labari a hanya.

"Yaushe nif faɗi shi?"

Na matso kusa da shi.

"Tambaya nika yi. Ina cikin bargo, kana riƙe da waya. Yaushe nif faɗi shi?"

"Ba ki faɗi ba, Inna."

"To wa yas sa man shi a baki?"

Sai ya fayyace. Masu gwaji ne suka fara ƙorafi, wai uwar nan ba ta son ɗanta, tun daga farkon wasa har ƙarshe ba ta kira sunansa ba, sai kai, sai wanga yaro. Wani ya rubuta a guruf cewa kuskure ne, an manta ba a ɗauki sunan ba. Aka ce ya koma ya ɗauko. Ya yi ta ja musu rai, yau Inna ba ta jin daɗi, gobe babu wuta. Bai buɗe baki ya ce musu uwata ba ta faɗi ba, don kada su ce shi ɗan ƙauye ne. Kun ji, kunyata ce ta zame masa abin kunya. Shi kuwa Kamal da ya gaji da jira sai ya shiga tonon maganganun da na yi, har ya faɗa kan wadda na yi a kan maraƙin da ya gaji a hanya. Sau ɗaya zan rubuta ta, ku duba da kyau. Cewa na yi: "Ba shi ruwa." Ya yanke "wa" ɗin ƙarshe ya yar, ya manne sauran wuri ɗaya, ya ja tsakiyar, ya lanƙwasa muryar da kwamfutarsa har ta zauna daram. Ku faɗi abin da ya rage da bakinku, ni ba zan faɗa ba. Tun ina amarya nake wannan magana a gidan nan, ga baƙo, ga mai aikin gona, ban taɓa jin abin da ke kwance a cikinta ba sai da wani yaro a Kano ya sa mata wuƙa. 'Yan guruf suka yi ta yaba masa, wai gwani ne. Yayanku kuwa ya ji abin tun kafin a saki wasan.

"Ka ji, kay yi shiru?"

"Na ɗauka ba za ki ji ba, Inna. Ke ba ki buga gem."

"Ni ba ni bugawa, Kebbe tana bugawa!"

Wannan amsar tasa ta fi mini yankan ciwo. Wato ba aikin yake gudu ba, jina yake gudu. Na ce ya kira mini Kamal ɗin, ya sa yadda zan ji. Yaron ya gaishe ni da ladabi, Mama kaza, Mama kaza, har da cewa muryata ce ta ɗaga wasan. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi wa ya ba shi izini.

"Mama, wallahi ba da wata manufa na yi ba. Kuma in an duba ai ba ke kika faɗa ba, haɗawa kawai aka yi."

"Muryar wa mutane sunka ji?"

"Taki ce, amma..."

"Ka tambaye ni?"

"Mama, gaskiya ban san ana wannan abin har yanzu ba. Mu nan kakanninmu ne suka yi. Kuma wurin nan shi ya fi taɓa mutane. Akwai wanda ya rubuto mana ya ce da ya ji kiran sai da ya yi hawaye, ya tuna mahaifiyarsa."

"Shi tuna uwatai da muryar uwatai! Ni tawa kas sata. In kaz zo gidana kag ga zanena a shanya, sai ka sa almakashi ka yanka don ya yi maka kyau?"

Ya ce za su rubuta a farkon wasan cewa haɗa muryar aka yi. Na ce Gwaggo Asabe ba ta karatu, kunne gare ta. Na ce a cire, yau. A nan ya fito da abin da ke ƙasa. An riga an miƙa wasan ga masu bajekoli, kuma dokarsu ita ce bayan an rufe karɓa ba a taɓa komai, ko a nuna shi yadda yake ko a janye. Bayan haka, kiran nan shi suka sa a ƙarshen ɗan bidiyon da za a haska a babban allo a zauren taro. Wai in yi haƙuri, da an gama nuni za su cire. Wato in zauna a tara jama'a, a sa lasifika, a kunna ƙarya da bakina, in ta gama yi musu amfani sannan a share. Na ce ya kashe wayar kafin in faɗi abin da bai dace da shekaruna ba.

Suka yi ƙuri'a a guruf, kowa ya ce a bari, ban da Yayanku. Yarinyar Zariya ta aiko a ba ni haƙuri, ta ce ta gane, kakarta ma haka take, amma ita ma ta zubar da idonta a kan zanen nan. Ita ban riƙe ta da zafi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, waɗannan yaran su ne masu wa'azin haƙƙin aiki. Da bakinsa Yayanku ya taɓa ba mu labari, wani ya ɗauki zanen yarinyar nan ya sa a nasa wasan bai tambaya ba, guruf ɗin gaba ɗaya suka yi masa caa har sai da ya cire ya ba da haƙuri. Zane aiki ne, kiɗa aiki ne. Amma muryar tsohuwa da ta sha zafi a cikin bargo, wannan kayan tsintuwa ne, kowa ya yanka yadda ya so. Tir!

Gidan nan ya rabu biyu, ni ɗaya, ku duka ɗaya. Wanda ke makaranta ya bugo waya, wadda ke gidan miji ta aiko. Hafsatu ce mai bakin, ta same ni a madafa.

"Inna, don Allah, suna na fa! Sunan da kowa ka kira. Kin ga irin wahalar da yas sha a kan wanga aiki. Kuma abin da yaf fita ya riga ya fita, yana wayar kowa. Ko an janye, Gwaggo ta riga ta ji."

"Ƙarya taj ji. In yat tsaya a zaure anka kunna yana murmushi, ta zama gaskiya."

"Al'ada ta fa, Inna, ba addini ba."

"Na san ba addini ba ta, ni nik karantar da ke. Amma tawa ta. In za a yar da ita, ni ka yarwa, da bakina, ranar da nig ga dama. Ba wani ɗan Kano da almakashi ba."

Ta ce ban taɓa son Yaya ba, shi ya sa. Ta faɗa ta fita da gudu, don ta san muciya tana hannuna. Na tsaya a kan tukunya ina tuƙi. Ni ce ban son shi? Wa ya sayar da tunkiyarsa aka saya masa kwamfutar da yake aikin da ita, aka ce masa kawunsa ne ya aiko?

Da safen da zai tafi Abuja ya zo sallama. Har lokacin bai ce mini zai janye ba, bai ce ba zai janye ba. Ina shara, ban ɗago ba.

"Ban hana ka tafiya ba. Amma in kat tsaya gaban jama'a anka kunna wanga kira, kai kuma kana tsaye kana karɓar tafi, to ka samu uwa, wadda Kamal ya haɗa maka. Ka riƙe ta."

Hafsatu ta fashe da kuka. Shi kuwa ya saɓa jakarsa ya fita. Na san maganar tana da nauyi. Da nauyinta na faɗe ta, kuma ko yau aka maimaita haka zan ce.

Abin da ya faru a can daga baya na ji, a bakin Hafsatu. A ƙofar zauren ya fara ganin mutanen nasa a fili, suka rungumi juna. Ya je ya roƙi masu taron su bar shi ya canza sauti ɗaya tak, suka ce doka ta kowa ce. Ya dawo ya roƙi 'yan guruf, suka ce an riga an yi ƙuri'a. To da sunansa aka miƙa wasan, saboda haka ana gobe nuni ya tafi shi kaɗai wurin masu rajista ya ce ya janye. Sai da aka riƙe Kamal kada ya kai masa duka. Yarinyar Zariya ta zauna a kan matakala tana kuka. Kafin ya kai tasha sun cire shi daga guruf. Duniyar tasu kuma ƙarama ce, labari ya zaga, aka san shi da ɗan Tambuwal da ya janye wasa ana gobe nuni, ba wanda ya sake yarda ya haɗa aiki da shi. Ya so ya sake fitar da wasan da kirana na gaskiya, sai yarinyar ta ce ta janye zanenta, Kamal ya ce ya janye kiɗansa. Kowa ya kwashe nasa, kuma ba wanda ya ce ba su da iko. Ku ji fa! Su suna da ikon janye zanensu da kiɗansu, ni ce ba ni da ikon janye bakina. Wasan ya mutu a nan. Na gwajin nan mai ƙaryar kuwa yana nan a wasu wayoyin har yau, kuma Gwaggo Asabe har ta koma ga Allah ba ta yarda ba ni na faɗa ba.

Kada ku ɗauka ban san abin da aka rasa ba. Ina ganin kwamfutar nan a cikin jakarta a kan durowarsa, ba ya buɗewa. Ina wucewa ta kasuwa in hango shi a sunkuye a kan wayar wani, in canza hanya. Yana yi mini ciwo, ciwo mai tsanani, na faɗa. Amma kalma ɗaya na ce a cire. Waɗanda suka ga ya fi musu sauƙi su cire mutum da su cire kalma, su za ku je ku tambaya wa ya kashe wasan.

Saura abu ɗaya, ranar da ya dawo. Hafsatu ce kaɗai ta gani, ita ma ba ta gane abin da ta gani ba. Da azahar ne, rana tana dukan ƙasa, ya shigo da ƙafa daga tasha, jaka a kafaɗa, leɓensa ya bushe ya tsage. Ya tsuguna a inda ya saba tsugunawa.

"Na janye, Inna."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ina zaune a kan tabarma. Ba halin in yaba masa, ba halin in ce sannu ɗana, abin da na tsaya a kansa shi ne ya ɗaure ni. Na ce to aƙalla ya jiƙa maƙoshi. Na juya wurin Hafsatu, na buɗe baki zan faɗi abin da kowace uwa take faɗa in ɗa ya shigo daga rana, sai na ji maganar ta tsaya mini a wuya. Sunan yana cikinta. Ina jin sa, ba yadda zan yi in daina ji. Har wannan ma Kamal ya ƙwace mini. Hafsatu tana kallona tana jira, na rufe bakina. Na dafa ƙasa na tashi, na je randa na cika moɗa, na kawo na miƙa masa da hannuna, abin da ban yi masa a gaban wani ba tun da na yaye shi. Ya ɗago, na mai da idona bango. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas.

Tun daga ranar kalmomin nan ba su sake fita bakina ba. In ya shigo daga kasuwa ni nake tashi, da ciwon gwiwar da komai, kuna zaune kuna danna waya. Ku da kuke cewa ba na son shi, a cikinku wa ya taɓa lura?